Cinikin Sunayen Intanet: Kafin Riba Akwai Haya, La'ada da Haraji

Cikin sana'o'in da ake tallata wa matasa ta waya a 'yan shekarun nan akwai saye da sayar da sunayen shafukan intanet. Ana cewa ka sayi suna da dala goma, ka ajiye, wata rana wani kamfani ya zo ya ba ka dala dubu. A kan kafa hujja da sunan Voice.com, wanda aka sayar dala miliyan 30 a 2019, kuma cinikin ya faru da gaske. Saurayin da ke Kucheri ko Tsafe ko Bungudu a Zamfara, wanda zuwa gonar nesa ya zame masa kasada saboda 'yan bindiga, ba a ga laifinsa ba in ya saurari duk wata sana'a da ake yi daga cikin ɗaki. Sai dai masu tallar ba su cika yin maganar hannayen da ke tsakanin mai suna da kuɗinsa ba, kuma tun daga 2021 kusan kowane hannu ya ƙara abin da yake ɗiba.

Abu na farko, sunan shafi ba mallaka ba ce, haya ce. Duk wanda ya yi rajistar suna mai ƙarewa da .com yana biya ne shekara-shekara, ranar da ya daina biya kuwa sunan ya fita hannunsa. Kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da kundin .com baki ɗaya, bisa yarjejeniya da hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet, wadda aka kafa a 1998. Shi yake ba kamfanonin rajista irin su GoDaddy da Namecheap sari, su kuma su ɗora ribarsu su sayar wa jama'a. Daga 2012 har zuwa 2021 farashin sarin bai motsa daga dala 7.85 ba. Da aka sake wa Verisign mara, sai ya riƙa ƙara kashi 7 cikin ɗari duk watan Satumba: dala 8.39 a 2021, 8.97 a 2022, 9.59 a 2023, sannan 10.26 a 2024.

Ga Ba'amurke, ƙarin dala biyu da ɗoriya ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Ga mutumin Zamfara kuwa, ƙarin ya haɗu da faɗuwar naira. A 2020 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 400 ba, wato sarin suna ɗaya kimanin naira 3,000 ke nan. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira farashi, kafin 2024 ta yi nisa dala ta haura naira 1,500. Sunan nan guda ya koma sama da naira 15,000, tun kafin kamfanin rajista ya sa ribarsa. Ya ninka sau biyar cikin shekara huɗu, alhali mai shi bai ƙara masa komai ba.

Riƙon suna kamar turkar rago yake: ko an taya ko ba a taya ba, sai ya ci. Bambancin kawai, ragon da ya yi kwantai bayan Sallah ana iya yanka shi a ci nama, sunan da bai samu mai saye ba kuwa ba ya barin ko fata. Waɗanda suka daɗe a harkar kan ce cikin sunaye ɗari, ɗaya ko biyu ne ke samun mai saye a shekara, shi ma in sunayen masu kyau ne. Ke nan mai sunaye ɗari zai fitar da fiye da dala 1,000 kowace shekara, sama da naira miliyan ɗaya da rabi a canjin 2024, yana jiran ciniki ɗaya ko biyu su mayar masa da uwar kuɗi har su bar riba. Wannan lissafin ne ya kamata a fara yi wa mai koyo, amma shi ne ake barin sa a ƙarshe, in ma an yi shi.

To, a ce an dace, mai saye ya zo. Da wuya ya same ka kai tsaye. Yawancin ciniki yana bi ta kasuwannin dillanci irin su Afternic da Sedo, inda ake baje suna, a karɓi kuɗin mai saye a riƙe amana har sai an miƙa masa kayansa. Aikin yana da amfani, domin baƙo da baƙo ne ke ciniki daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma babu wanda zai ce dillali ya yi aikin banza. Matsalar ita ce dillalan suna raguwa. A da akwai wata kasuwa mai suna Dan.com da ƙananan 'yan kasuwa suka fi so saboda kashi 9 cikin ɗari take karɓa. GoDaddy, wanda dama shi ke da Afternic, ya saye ta a 2022. A farkon 2023 ya daidaita la'adar kasuwanninsa: kashi 15 ga wanda ya jingina sunansa da shafukan tallarsu, kashi 25 ga wanda bai yi haka ba. Cinikin dala 1,000 da a da mai suna zai tashi da 910, a 2023 ya koma 850 ko 750. Kamfani ɗaya ne ke karɓar hayar sunan a wurin da yawa daga cikin masu shi, shi ne dillalin sayarwa, shi ne kuma mai yin gwanjon sunan in mai shi ya kasa biya. Ban ga yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai yi ja-in-ja da wanda ya tare ƙofa uku ba.

Sai haraji, wanda ke zuwa ta gaba da ta baya. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020, kuma daga 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar wa 'yan Najeriya hidima ta intanet nauyin karɓar sa su miƙa wa gwamnati. Wannan wajen biya ke nan. Wajen samu kuma, sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun yafe naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu cikin shekara, daga nan a fara da kashi 15, ana hawa har zuwa kashi 25 ga manyan masu samu. Mazaunin Najeriya ana lissafa masa abin da ya samu ko daga wace ƙasa kuɗin ya fito, kuma harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne, wato hukumar tara kuɗin shiga da ke Gusau ga ɗan Kucheri. A kan riba ake yanka haraji, amma wanda bai ajiye rasit na hayar sunayensa da la'adar da aka cire masa ba, da me zai nuna cewa dala 850 da ta shigo asusunsa ba riba ce zalla ba? Banki ma yana da nasa rabon wajen shigo da kuɗin da canza su, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Akwai kuma hatsarin da mai ciniki a Legas bai san shi ba. Ranar 3 ga Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar ta Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Funtuwa masu maƙwabtaka. Gusau aka fara mayar wa da layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. Sunan .com da wa'adinsa ya cika yana da jinkirin da bai wuce kwana 45 ba, sai kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, sai kwana 5 a sake shi ga duk mai so, kuma wasu kamfanonin tun kafin nan sun sa shi a gwanjo. A lissafa a gani: sunan da hayarsa ta ƙare a farkon Satumbar waccan shekara zai iya zama na wani kafin waya ta dawo Kucheri.

Wasu kan yi dabarar yin rajistar sunan banki ko kamfanin waya ko wani fitaccen mutum, su jira a zo a fanshe shi da tsada. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta wannan, hukuncinsa ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar naira miliyan 5 ko duka biyun. A waje ma, mai tambarin kasuwanci yana iya kai ƙara a ƙwace sunan ba tare da an biya ko sisi ba.

A ganina, amfanin sunan shafi ga mutanen wannan yanki ya fi ƙarfi wajen aiki da shi a kan ajiye shi ana jiran mai saye. Najeriya tana da nata ƙarshen suna, .ng, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke kula da shi. Shi ne ake gani a adireshin Jami'ar Tarayya ta Gusau da na ma'aikatun gwamnati. Da naira ake biyan sa ta hannun kamfanonin gida, babu ruwan mutum da neman dala ko katin banki da ya ƙi aiki a waje, kuma .com.ng ya fi .com araha nesa ba kusa ba. Dillalin waken suya ko masara a Tsafe, makarantar kuɗi a Bungudu, ko mai ɗinki a Gusau, suna ɗaya ya ishe shi, kuma kuɗin shekararsa ƙaramin abu ne a cikin cinikinsa.

Wanda zai yi haka ya tabbata an yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ba da na yaron da ya haɗa masa shafin ba, domin wanda bayanansa ke cikin rajista shi kamfani ya sani. In da hali ya biya shekara biyu ko uku a dunƙule, tun da ana karɓar biyan gaba, .com ma har na shekara 10, ya kuma rubuta ranar cikar wa'adin a littafin shagonsa.