Mutum-mutumi da Sadarwa Maras Waya a Wurin Gini

Idan kuka zaga unguwannin Bauchi, kamar Yelwa ko Fadaman Mada, da wuya ku yi nisa ba ku ga inda ake gini ba. Ga birkila riƙe da cokalin gini yana jera bulo. Ga leburori suna kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, suna ɗauka a ka suna hawa da shi sama. Hannu da ƙarfin jiki su ne ginshiƙin wannan sana'a tun zamanin Malam Yakubu, wanda ya kafa garin, aka kewaye shi da ganuwa ta ƙasa. Kayan aiki sun sauya, bulo ya maye gurbin tubali, rodi ya maye gurbin azara, amma har yanzu mutum ne ke ɗauka, mutum ne ke jerawa.

A wasu ƙasashe an fara ba na'ura wani ɓangare na wannan aiki. Irin wannan na'ura ita ce ake kira mutum-mutumi. Ku lura da kalmar da kyau. A asali, mutum-mutumi shi ne abin da manomi ke kafawa a gona, ya sa masa tsumma don tsuntsaye su zaci mutum ne. Yanzu kuma ana nufin na'urar da ke aiki bisa umarnin kwamfuta. Sai dai sunan yana iya ruɗin ku, domin yawancin na wurin gini ba su yi kama da mutum ba ko kaɗan. Wani dogon hannu ne na ƙarfe a bayan babbar mota, kamar Hadrian X da wani kamfanin Ostareliya ya ƙera don jera bulo. Wani kuwa ƙafa huɗu gare shi kamar kare, irin Spot na kamfanin Boston Dynamics a Amurka, wanda ke zagaya gini yana ɗaukar hotuna. Akwai kuma injin da ke fitar da kwaɓaɓɓen siminti layi bisa layi har bango ya tashi. Da irinsa aka gina makaranta a ƙasar Malawi a shekarar 2021.

To, yaya na'ura ke sanin inda za ta ajiye bulo? Injiniya ne ke zana gidan a kwamfuta, sannan a aika mata da zanen. Ita ma tana mayar da rahoton abin da ta gani da abin da ta gama. Ba za a iya ɗaura mata igiyar waya ba, domin yawo take yi, kuma wurin gini cike yake da motoci da ƙarafan da za su tsinka igiyar. Dole saƙon ya bi iska, kamar yadda muryarku ke bi idan kuna magana ta wayar salula. Wannan shi ne sadarwa maras waya.

Japanawa sun ga amfanin haka tun da wuri. A shekarar 1991 wani dutse mai aman wuta da ake kira Unzen ya hallaka mutum 43. Bayan haka ya zama dole a kwashe duwatsu da laka, a gina shinge don kare garuruwan da ke ƙasa, alhali wurin bai shiguwa. Sai aka sa kyamara a jikin katafila da motocin haƙa, direbobi suka zauna a ɗaki can nesa suna tuƙa su ta hanyar kallon allo. Aka yi aikin, ba a jefa ran kowa cikin haɗari ba.

A nan ne masu bincike suka fi shan wahala, kuma ya kamata ku fahimci dalili. Ku ɗauka direba ya ga motar haƙa ta nufi bango, ya danna maɓallin tsayawa. Idan umarnin ya makara da daƙiƙa ɗaya tak, bango ya riga ya rushe. Jinkirin da ba zai dame ku ba wajen aika saƙo ga aboki, a wurin gini yana iya cin rai. Abu na biyu kuma, shi kansa ginin maƙiyin sadarwa ne. Kankare da rodi suna tare saƙo, shi ya sa sabis kan ragu idan kun shiga cikin babban bene. Abin mamakin shi ne, wurin da saƙo ke ratsawa yau, gobe an tayar da bango a nan. Ke nan kullum sai an sake lissafin inda za a kafa eriya. Ana sa ran fasahar 5G za ta rage jinkirin ƙwarai. Kamfanin MTN ya fara ta a wasu manyan biranen Nijeriya a shekarar 2022, amma zangonta gajere ne, tana buƙatar turaku masu yawa.

Bauchi ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. An kafa jami'ar fasaha ta tarayya a garin a 1980, ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. Tana da harabar Yelwa da ta Gubi. A can ana koyar da zanen gine-gine da fasahar gini da injiniyancin lantarki, da kuma darasin da ya haɗa ilimin inji da lantarki da kwamfuta, wanda shi ne tushen ƙera mutum-mutumi. Ɗalibin da ya zaɓi wannan hanya zai tarar da matsalolin da na'urar Japan ba ta san su ba. Ƙurar hunturu tana rufe idon kyamara. Zafin bazara yana kashe batir da wuri. Wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas, sai an haɗa da hasken rana.

A ganina, ba injin jera bulo Bauchi ta fi buƙata yanzu ba. Japan ta koma ga na'ura ne saboda tsofaffi sun yi yawa, matasa sun yi ƙaranci. Mu kuwa matasa ne da mu masu neman aiki, ga injin da tsadar gaske. Babbar damuwarmu ita ce ingancin gini. A watan Nuwamba na 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Yuli na 2024 wata makaranta ta rufta a Jos, maƙwabciyarmu, ana cikin karatu, aka rasa rayuka 22, akasari ɗalibai irinku.

Abin da zai taimaka a nan ƙanana ne, masu sauƙin kuɗi. Misali, kankare yakan ɗauki kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa, amma ɗan kwangila mai gaggawa yakan cire katakon da ke tallafe da shi tun bai nuna ba. Akwai 'yar na'ura da ake ɗaurawa a jikin rodi kafin a zuba kankare. Tana auna zafinsa, ta aika wa injiniya ta waya, shi kuma ya lissafa ko ya yi ƙwari. Haka nan ƙaramin jirgi maras matuƙi yana iya tashi ya ɗauko hoton rufin bene, a ga tsaga ba tare da an sa yaro ya hau tsani ba. Birkila yana nan da cokalinsa, lebura ma yana nan. Sai dai wurin zai buƙaci ƙarin ma'aikaci guda: wanda ya iya kafa eriya, ya sauya batir, ya karanta lambobin da ke allo, ya kuma gaya wa ɗan kwangila cewa ba yau za a cire katako ba.