Ranar da Kantunan Jamus Suka Cika da Kaya

Duk sa'ad da hatsi ya yi tsada, maganar da a ke ji a bakin jama'a ita ce gwamnati ta yanke farashi, ta hukunta wanda ya ƙetare. Ba a ga laifin mai faɗin haka ba, gama mai jin yunwa ba ya jiran dogon bayani. Amma akwai masana da su ke ganin wannan magani ya fi cutar muni. Kafin mai karatu ya yanke hukunci, ga labarin wata ƙasa da ta gwada hanyoyin nan biyu.

Tun a 1936 gwamnatin Hitila ta hana a ƙara farashin kaya a Jamus, a 1939 kuma ta soma raba abinci da kati. Aka yi ta buga kuɗi domin yaƙi, farashi kuwa yana tsaye inda doka ta ɗaure shi. Da aka ci Jamus a 1945, ƙasashen da suka ci ta suka bar dokokin nan yadda suka same su. Sai ya zamana kowa na da kuɗi, amma ba abin saye. Manomi ya ƙi kai dankalinsa kasuwa, mai kanti ya ɓoye kayansa, don ba mai son ya ba da abu mai amfani ya karɓi takardar banza. Taba sigari ta zama kuɗi. Mutanen birni su kan bar aiki su cika jiragen ƙasa zuwa ƙauyuka, suna ba da agogo ko tufafi a ba su ƙwai da man shanu.

A yankin da Ingila da Amurka su ke riƙe da shi, an ɗora wani masani, Ludwig Erhard, a kan sha'anin tattalin arziki. Ranar Lahadi, 20 ga Yuni, 1948, hukumomin ƙasashen Yamma suka fito da sabon kuɗi, aka ba kowane mutum Mak 40. Erhard bai tsaya nan ba, sai ya soke dokar farashi a kan kayayyaki masu yawa, ko da ya ke ya bar ta a kan manyan kayan abinci da kuɗin haya da kwal. Gari na wayewa ran Litinin, sai ga tukwane da takalma da sabulu jere a kantunan da jiya ba kome cikinsu. Ma'aikata suka koma bakin aiki, sabo da albashi ya sake zama abin nema. Kafin ƙarshen shekarar, abin da masana'antu ke yi ya ƙaru da wajen rabi.

To, mene ne asirin? Wani shaihin malami haifaffen Ostiriya, Friedrich Hayek, ya riga ya yi bayaninsa a wata maƙala a 1945, ya kuwa yi misali da kuza, irin wadda a ke haƙa a Jos. In kuza ta yi ƙaranci a duniya, farashinta zai tashi. Mai yin gwangwani a wata ƙasa mai nisa bai san dalili ba, ba ya kuma bukatar ya sani. Da ganin tsada sai ya rage ɓarna, ko ya nemi madadinta, mai haƙa kuma ya ƙara himma. Ba wanda ya ba su umarni, amma duk sun yi abin da ya kamata. Watau farashi manzo ne mai kai labari. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ba kuwa wani ofishi, kome yawan akawunansa, da zai iya tattara sanin da ke warwatse cikin kawunan miliyoyin manoma da fatake. Wanda ya ɗaure farashi ya kama manzo ya rufe masa baki, ƙarancin kuwa yana nan.

Amma kada a ce abin ya zo da sauƙi. Wanda ya ajiye tsohon Mak 100 a banki, shida da rabi ya tashi da su. Farashi ya yi sama, albashi bai bi shi ba, har a ran 12 ga Nuwamba, 1948, ma'aikata wajen miliyan 9 suka yi yajin aiki na yini guda. Farkon 1950 marasa aiki sun kai wajen miliyan 2. Masu sukan ra'ayin sakin kasuwa su kan tuna mana kuma cewa Jamus ta sami taimakon Amurka, tana da ƙwararrun ma'aikata tun da can. Shi kansa Erhard bai yarda gwamnati ta naɗe hannu ba. A 1957 aka kafa dokar hana manyan kamfanoni haɗa baki su ƙulla farashi, domin ɗan kasuwa ma ya kan iya rufe wa manzon nan baki. Jama'a dai suka ga amfanin aikinsa: ya riƙe ministan tattalin arziki daga 1949 zuwa 1963, sa'an nan ya shugabanci gwamnati har 1966.

Abin lura a nan shi ne, ruwa ba ya tsami banza. In masara ta yi tsada, lalle akwai dalili, ko fari, ko rashin hanya, ko tsoron zuwa gona, ko kuɗin da aka buga fiye da kima. Aikin hukuma shi ne ta bi sawun dalilin ta gyara, ta kuma tallafi talaka kafin gyaran ya kankama. Doka tana iya rubuta farashi a jikin buhu, amma ba ta iya zuba hatsi a cikinsa.