Idon Soja Mai Ratsa Gajimare

A watan Disambar 1944, mahaukaciyar guguwa ta rutsa da ayarin jiragen ruwan yaƙin Amurka a gabashin Filifin, ta nutsar da uku, sojoji wajen 790 suka halaka ba tare da abokan gaba sun harba ko harsashi ɗaya ba. Soja ya daɗe da sanin cewa yanayi ma abokin gaba ne, shi ya sa tun shekarun 1960 ma'aikatar tsaron Amurka ke da taurarin ɗan'adam nata na duba yanayi, waɗanda ake kira DMSP. Sai dai kyamara saman gajimare kawai take gani. Abin da ya sauya lissafi shi ne na'urar SSM/I da aka harba a 1987, wadda ba hoto take ɗauka ba, sauraro take yi. Teku da ruwan sama da ƙanƙara duk suna fitar da raunanan igiyoyin maikurowef, masu ratsa yawancin gajimare dare da rana. Teku in ya kwanta kaɗan yake fitarwa, in iska ta tayar da kumfa sai ya ƙaru, daga nan ake lissafa ƙarfin iskar. A 2003 sojin ruwan Amurka suka harba na'urar WindSat, wadda ta nuna ana iya gane har inda iskar ta dosa.

Ra'ayina shi ne, ko da soja ya biya kuɗin waɗannan na'urori, bai kamata ya kulle bayanansu ba. Da su masu hasashen yanayi ke leƙa cikin guguwa, su ga idonta na haɗuwa tun kafin ya bayyana a hoto, su gargaɗi mutanen gaɓar teku. Da su kuma aka shafe shekaru ana auna raguwar ƙanƙarar tekun Arewacin duniya. Mu ma zancen ya shafe mu, domin da yawa daga cikin manyan guguwowin Atlantika daga hadarin daminar Afirka ta Yamma suke samo asali.

Wani zai ce sirrin soja ba a shanya shi a kasuwa. To, amma wane sirri? Na'urar ba ta ganin jirgi ko sansani, domin kowane ɗigo na awonta ya kan mamaye kilomita goma ko fiye. Turai da Japan da Sin ma suna da irin nasu. Wani kuma zai ce tunda wasu na da su, me za a rasa? Lokaci za a rasa. Taurarin suna kewaya duniya ne a nisan kilomita 800 da ɗoriya, kowanne bai fi ya ratsa wuri sau biyu a rana ba, alhali guguwa kan iya rikiɗewa cikin 'yan sa'o'i. Duk wanda aka cire, giɓin ya faɗaɗa.

Kuma an riga an yi sakaci. A 2010 aka soke shirin NPOESS da aka yi niyyar ya gaji DMSP, tauraron DMSP mai suna F19 da aka harba a 2014 ya daina karɓar umarni a 2016, magajinsu WSF-M kuwa sai a Afrilun 2024 ya tashi. A tsakiyar 2025 aka sanar da dakatar da raba bayanan tsofaffin taurarin ana cikin lokacin guguwa, sai da masana suka yi ca kafin aka janye matakin.