Cututtuka Masu Fakon Raunin Jiki a Tsakanin Masu Ƙwayar Kanjamau da ke Allurar Miyagun Ƙwayoyi: Duba ga Yankin Gwaska

Gabatarwa

Ƙwayar HIV ba kasafai take kashe mutum da kanta ba. Aikinta shi ne cinye ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4. A jikin lafiyayyen mutum adadinsu kan kai tsakanin 500 da 1,500 a ɗan awon jini, amma idan ya faɗi ƙasa da 200, sai cututtukan da jiki ya saba kora su samu ƙofa. Su ne cututtuka masu fakon raunin jiki, domin sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga.

Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Nijeriya. Wani binciken na wannan shekara, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta masu tsira wa kansu allurar ƙwaya da kusan 80,000, akasarinsu da magungunan kashe zafi irin su fentazosin.

Haɗari Biyu a Jiki Ɗaya

Tarin fuka ne kan gaba wajen hallaka masu HIV a duniya. Akwai kuma sanƙarau da ƙwayar fangas ke haddasawa, da ciwon huhu, da farin kumfa a baki da maƙogwaro mai hana haɗiyar abinci. Mai allura yana da ƙarin nasa. Sirinjin da aka yi karɓa-karɓa da shi yana yaɗa ciwon hanta nau'in B da C. Allurar da ta huda fata mara tsabta kuwa tana tura ƙwayoyin cuta cikin jini, su haifar da maruru da gyambo, wani lokaci su kama marafan zuciya.

Halin da Gwaska ke Ciki

Maganin rage kaifin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tun 2016 ƙa'idar Nijeriya ita ce a ɗora duk wanda gwaji ya tabbatar a kan magani nan take. Sharaɗinsa ɗaya: sha kullum. Nan ne matsalar yankin take. Gwaska, wadda 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a cikinta a watan Mayun 2018, tana cikin dajin Birnin Gwari, inda hanya ta daɗe tana zama tarko. Majinyacin da ya kasa zuwa karɓar magani na makonni, ƙwayar za ta sake yawaita, garkuwarsa ta faɗi, ta yiwu ma maganin ya daina yi masa aiki. Mai allura kuma yana ɓuya saboda tsangwama da tsoron kamu, sai ya iso asibiti bayan cuta ta ci ƙarfinsa.

Kammalawa

Yawancin waɗannan cututtuka suna da rigakafi mai araha: Septrin na kare huhu, aisoniyazid na tsare tarin fuka, akwai kuma allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. Sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya buɗe hanyoyi. Abin da ya rage shi ne bayar da maganin watanni da yawa a zuwa ɗaya, gwajin tari a asibitocin ƙauye, samar da sabon sirinji, da karɓar mai allura a matsayin majinyaci kafin komai.