Tauraron Ɗan Adam da Ruwan Madatsar Zobe

Duk wanda ya san ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ya san rayuwar jama'arta ta rataya ne a kan abu biyu, watau ruwa da gona. Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, ita ce babbar taskar ruwan wannan yanki. To, amma wa zai iya faɗin girman filin da ruwanta ke rufewa a ƙarshen damina, ko iyakar inda yake ja da baya da bazara? Amsar tana cikin bayanan da taurarin ɗan Adam ke aikowa, muddin akwai mai iya karanta su.

Tauraro ba hoto yake aikowa ba irin na mai hoto. Na'urar da ke jikinsa tana auna hasken ranar da ƙasa ke mayarwa sama, launi-launi, har da wanda ido ba ya gani, sa'an nan ta aiko da alƙaluma. Manhajar kwamfuta ce ke mai da alƙaluman nan taswira. Da farko takan ɗora kowane awo a daidai gurbinsa a doron ƙasa, kana ta rage dishi-dishin da hazo da ƙurar hunturu ke haddasawa, ta kuma ware inda girgije ya tare. Bayan haka ne ake lissafi. Alal misali, akwai wani haske da ke gaba da ja wanda ɗanyen ganye ke mayarwa ƙwarai, ruwa kuwa shanye shi yake yi. Da wannan bambanci manhaja ke shata bakin ruwan Zobe, ta kuma nuna gonakin gero da dawa na Kurfi da suka yi kyau da waɗanda fari ya taɓa.

Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 take ba da bayanansa kyauta. Kowane ɗigo a taswirarsa ta yanzu fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi, kowane tauraron kuma yakan dawo kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Turai ta harba Sentinel-2 a 2015, mai iya rarrabe fili na mita 10, wanda ya fi dacewa da ƙananan gonakinmu. Ɗan'uwansa Sentinel-1 da rada yake aiki, saboda haka girgijen watan Agusta ba ya hana shi gani. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba: ta kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba mata NigeriaSat-1 a 2003. Manhajojin aikin, irin su QGIS da SNAP, ba a biyan ko kwabo kafin a same su.

Sai dai gani daga sama ba ya ɗauke wa mutum tattaki. Manhaja na iya ɗaukar ciyawar fadama a matsayin shuka, ko inuwar duwatsun Dutsin-Ma a matsayin ruwa. Tilas ne malamin gona ya je ya duba da idonsa, a gwada abin da ya gani da abin da kwamfuta ta faɗa.

Ashe ke nan kayan aiki sun samu, saura ma'aikata. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, kusa da madatsar. Ya kamata ɗalibanta su riƙa auna ruwan Zobe shekara-shekara, ma'aikatun gona da na ruwa kuma su tura jami'ansu su koyi wannan fanni, a tanadar musu wutar lantarki da intanet. Wanda ya san yawan ruwan da ke hannunsa tun watan Oktoba, shi zai iya raba shi da adalci tsakanin masu noman rani, da makiyaya, da masu sha a gari.