Walimar Sallah Ta Yaran Shago: Yaushe Take Shiga Lissafin Haraji?

Duk wanda ya san unguwar Soba da ke kudancin birnin Khartum kafin yaƙi, ya san yadda manyan motoci suke jerin gwano a tashar kwastan ta wurin, inda ake sauke kwantenonin da suka taso daga Bur Sudan, kafin a rarraba kayan zuwa Suk Libiya da babbar kasuwar Omdurman. A cikin masu wannan hada-hada akwai 'yan uwanmu Hausawan Sudan, jikokin alhazan da suka bi hanyar Makka a ƙasa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Maiwurno.

Al'adar da muka sani a Jibiya da Illela da Maigatari ita ce dai a can: idan azumi ya kama, maigida ne ke ɗaukar nauyin buɗa-bakin yaransa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, a kawo asida da abre, idan salla ta zo a yanka rago, a gasa agashe, a ɗinka wa kowa sabuwar jallabiya. Tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba ita ce, shin wannan kuɗi da aka kashe na kasuwanci ne ko kuwa na aljihun maigida? Mai karɓar haraji kuwa ita ce tambayarsa ta farko.

Dalilin da ya sa muka ɗauko maganar yanzu shi ne, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya kori 'yan kasuwa daga Khartum, an wawashe rumbuna, an ƙone shaguna, littattafan lissafi da rasitai na shekaru suka salwanta. Tun da sojoji suka karɓe birnin a watan Maris na 2025 mutane suke ta komowa suna buɗe shaguna daga tushe. Wanda ya fara sabon littafi a kan daidai, ya huta da jayayya gobe.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, harajin ribar kasuwanci, kamar yadda sunansa ya nuna, a kan riba yake hawa, ba a kan ciniki ba. A Sudan Diwanin Haraji ne ke karɓar sa bisa dokar harajin kuɗin shiga ta 1986 da gyare-gyarenta. Kafin a yanka maka, ana cire abin da ka kashe domin samo ribar: kuɗin haya, dako, albashi, wuta da makamantansu. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni da Nijeriya ta daɗe tana aiki da ita har ƙarshen 2025 ta gindaya sharaɗin cewa sai abin da aka kashe gaba ɗayansa domin kasuwancin kaɗai, bisa larura kuma ba tare da wuce kima ba. Wannan ma'auni shi ne ake gwada walimar ma'aikata da shi kusan ko'ina.

To a nan ne gizo ke saƙar. Tukunyar salla ta Bahaushe guda ce, amma hannuwa huɗu ke shiga cikinta. Akwai yaran shago, akwai iyalin maigida da surukai, akwai abokan ciniki da dillalai, sannan akwai almajiri da baƙon hanya. Wanda ya fi ƙarfin hujja a gaban jami'in haraji shi ne kason yaran shago, domin kyautata wa ma'aikaci yana cikin abin da ke tafiyar da kasuwanci. Kason iyali hidimar gida ce, ba ta shiga. Ragon layya ibada ce da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, bai dace a lanƙaya wa kamfani ba. Sadaka ma babinta daban, haka nan zakka, wadda a Sudan hukuma ce ke karɓa ta hannun Diwanin Zakka bisa dokar 2001, kuma tana ba da rasit nata. Kada wani ya ɗauka cewa abincin da ya ciyar a ƙofar shago zai tsaya a madadin wannan rasit.

Ƙasashen da suka rubuta ƙa'idar dalla-dalla ma a kan wannan rarrabewa suka tsaya. A Ingila, walimar shekara-shekara da aka gayyaci dukkan ma'aikata ba a ɗora wa ma'aikaci haraji a kanta muddin ba ta wuce fam 150 a kan kowane mutum ba, amma idan ta haura ko da fam ɗaya ne, duk kuɗin ya shiga haraji. Liyafar da aka yi wa abokan ciniki kuwa ba a cire ta daga riba. A Amurka ana cire kuɗin walimar ma'aikata gaba ɗaya, alhali tun daga 2018 an daina cire kuɗin nishaɗantar da abokan ciniki.

Sai dai matsalarmu ta fi tasu zurfi. Yaron shago a wurinmu sau da yawa ɗan ƙane ne ko ɗan maƙwabci da aka kawo ya koyi kasuwa. Ba shi da albashi a rubuce, ci da sutura ne ladansa har ranar da za a yaye shi da jari. A idon hukuma, wanda sunansa ba ya cikin takardar albashi da wuya a kira shi ma'aikaci, kuma walimar da aka yi masa ba ta da bambanci da tuwon gida. Ga shi kuma mai rago a kasuwar dabbobi da mai agashe a bakin titi ba su san wani abu wai shi rasit ba. Ɗan kasuwar da ba shi da littafi, jami'i ne ke kintata masa riba da ka, kuma kintace ba ya tausayin kowa.

Ya kamata kuma mu fahimci cewa cirewa ba biya ba ne. Bari mu buga misali: a ce kamfani ya ci ribar fam miliyan 10, ya kashe 400,000 a walimar yaransa, harajin kuma a ce kashi 15 cikin ɗari ne. Abin da ya ragu daga harajin 60,000 ne kacal, sauran 340,000 daga jikinsa suka fita. Wanda ya faɗaɗa walima don ya kauce wa haraji, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Haka kuma ƙaramin ɗan tireda da ke biyan harajin dunƙule, irin wanda ake yanka wa ƙananan 'yan kasuwa a Nijar, wannan lissafi bai shafe shi ba. Maganar ta masu kamfani ce mai rajista da ke miƙa lissafin shekara.

Shawararmu ga waɗanda ke sake buɗe shaguna a Soba da Omdurman, da ma na kasuwannin kan iyaka, ba ta da wuya. A rubuta sunan kowane yaro da abin da ake ba shi a wata, ko da kaɗan ne, ya sa hannu. Ranar walima a rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda suka ci. A raba cefanen gida da na shago tun daga kasuwa. Inda ake ba da rasit mai lambar haraji a karɓa. Inda babu, a biya ta waya, kamar ta manhajar Bankak da ta zama ruwan dare a Sudan, a rubuta dalilin biyan, a adana shaidar. Kuɗin barka da salla da aka danƙa wa yaro a hannu kuwa a sa shi a babin albashi, domin can ya fi kusa. Bayan abin da wuta ta yi wa takardu a 2023, a ɗauki hoton kowane shafi a tura wa ɗan uwa a wani gari. Kafin a rufe lissafin shekara kuma a nuna wa akanta mai lasisi, domin kason haraji yana canzawa daga kasafi zuwa kasafi.

Babu mai cewa a daina ciyar da jama'a. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da muke cewa shi ne, na Allah a bar wa Allah, na gida a bar wa gida, na shago kuma a rubuta shi a littafin shago. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar wa 'yan kasuwarta da abin da suka rasa.