Hawan Jinin Ido da Renon Yaro Mai Tatata

'Yan'uwa manoma, akwai wani ciwon ido da ya kamata mu tattauna a ƙungiyoyinmu na gama kai, musamman saboda iyaye masu ƙananan yara. Likitoci suna ce da shi gilokoma, mu kuwa mun saba ce masa hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba. Akwai wani ruwa da ido yake yi kullum, yana tsiyayewa ta wata 'yar hanya. In hanyar ta toshe sai ruwan ya taru, ya matse jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, ta yi ta mutuwa kaɗan kaɗan. Galibi ba zafi, ba ja, ba kwantsa. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna wajen mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi. Yanar ido akan cire ta gani ya dawo. Wannan kuwa abin da ya ci ya ci ke nan.

Ganin gefe yake fara ci, ya bar na tsakiya sai daga baya. To, nan fa wahalar mai reno take. Mace tana iya zura zare a allura, amma ba ta ga ɗanta mai shekara biyu da ya zo ta gefenta ya nufi tukunyar talge ba. Sai dangin miji su ce sakaci ne, alhali kuwa ido ne. Uwa ko uba mai wannan ciwo ya koyi juya kai gaba ɗaya, kada ya dogara ga wutsiyar ido. A ɗaura wa yaron 'yar ƙararrawa a ƙafa, kunne ya taimaki ido. A kewaye murhu, a yi wa rijiya murfi mai nauyi. Kananzir da maganin feshi a ɗaga su sama, kada a zuba su a kwalbar lemo.

Maganin ɗigawa ba ya warkarwa, rage matsin kawai yake yi, saboda haka ba a dainawa don an ji sauƙi. In ka ɗiga, rufe idon, ka danna lungunsa na wajen hanci da yatsa kamar minti biyu. 'Yar kwalbar kuwa abin wasa ce a wurin yaro. Irin wanda ake kira timolol yana rage bugun zuciya, yana kuma tayar da asma, in yaro ya tsotse shi a garzaya asibiti nan da nan. Ƙarƙashin matashi ba ma'aji ba ne. A sa shi a akwati mai kwado, inda rana ba ta bugu.

Shekarar 2020 ta nuna mana inda muke da rauni. Da annobar korona ta shigo, an kulle Kaduna a watan Maris, Kano a Afrilu, an kuma hana tafiya tsakanin jihohi har 1 ga Yuli. Mai zuwa Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, daga wata jiha, ya rasa hanya. Makarantu a rufe, yara suna gida wuni zubur, kwalba kuma ta ƙare. Ciwon bai jira a buɗe hanya ba. Yanzu ba kulle, amma damina takan yanke gada, kuɗi yakan yanke kafin kaka, duk abu ɗaya ne a wurin ido.

A ganina wannan aikin ƙungiya ne. Yadda muke ware kuɗin taki, mu ware kaɗan domin kowane mai ciwon ya sami kwalba guda ta ajiya wadda ba a buɗe ba. Sakatare ya rubuta sunan maganin kowa da ranar komawarsa asibiti, wanda zai shiga birni sayen iri ya sayo. Zumuntar mata kuma ta ba da mai riƙe yaro ranar ganin likita, gama awon ido yakan cinye wuni.

Ciwon yana bin jini. Wanda aka same shi da shi ya gaya wa iyayensa da waɗanda suke ciki ɗaya su je a auna su, ko da suna gani garau. Yaron kansa a lura da shi. In baƙin idonsa ya yi girma fiye da kima ko ya yi hazo, yana yawan hawaye, yana gudun haske, kada a tsaya sayen maganin ɗigawa a kemis, gama waɗansunsu suna ƙara matsin ido. A kai shi wurin likitan ido a makon nan.